Ƙofar da Jabiru Ya Gina wa Iya Tabawa

Duk mai sallar asuba a babban masallacin Treichville da ke birnin Abidjan ya san Malam Jabiru, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai fenti a ƙarƙashin farce, wanda in an sallame kowa ya nufi wajen mai shayi, shi kuwa sai ya ɗauki tsohon buhunsa daga wajen takalma ya bi layin teloli. Sun saba da shi, tun jiya suke ƙulle masa ƙyallayen da suka share daga ƙarƙashin keke su bari a bakin shago. Yana tafe yana tsince-tsince: igiyar huhun goro, gwangwanin madara, yagaggiyar tabarma, duk abin da gari ya gama da shi. In buhu ya yi nauyi ya hau bas, ya haye gada, ya ratsa Plateau da dogayen benayenta bai ko ɗaga kai ba, ya sauka Adjamé kafin motocin gbaka su cika titi da ihun kiran fasinja. Rumfarsa na bayan Mairie, ofishin magajin gari, a matse tsakanin mai facin taya da wata Bajula mai sayar da aceke, dambun rogon ƙasar nan. A nan yake wuni tun kafin ƙasar nan ta sami 'yancin kai.

Aikin da ke ciyar da iyalinsa rubutun allon shaguna ne da zanen jikin motoci, kuma da yawa daga sunayen da kuke karantawa a kantunan Adjamé hannunsa ne. Amma ba don wannan muke jinjina masa ba. Ku wuce gwangwanayen fenti, ku ɗaga labulen buhu da ke ƙarshen rumfar, za ku tarar da ƙofofi jingine da juna. Ba irin na kafinta ba. Ƙofar gidan mutum ce ta garinsu, can Arewa ko Nijar, an tayar da ita a kan allon katako da ƙasa da ƙaro da ƙyalle da kwano da kara, har da dakalin zama da indararo. Ba ya zana mai rai, ko ƙadangare ba ya sawa, shi ya sa malamai ba su taɓa ɗaga masa murya ba. In aka tambaye shi ina mutanen gidan, sai ya ce suna ciki.

Abin dariya, kuma abin tausayi, shi ne mai gina wa mutane garuruwansu bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. A Treichville aka haife shi, aka sa shi lakwal, wato makarantar boko, ya fito Faransanci ya fi Hausa kaifi a bakinsa. An so ya sa kwat ya zauna a ofis. Da aka ga ya saɓi buhu yana bin bola, 'yan unguwa suka ce boko ya taɓa masa kai, wata gwaggo ma har rubutu ta aiko masa ya sha. Bai yi musu da kowa ba, ya sha rubutun ya koma kan bolarsa.

Ku tambayi Kalla, mahaucin nan ɗan Damagaram da ke kasuwar Adjamé, wanda shekarunsa a nan suka fi waɗanda ya yi a gida. Allon tebur kawai ya zo a rubuta masa, Jabiru ya ja shi da hira. Bai tambaye shi yadda gidansu yake ba. Cewa ya yi, "Malam Kalla, in za ka shiga gidanku, a ina hannunka ke sauka?" Kalla ya yi dariya ya miƙa hannu cikin iska, sai dariyar ta tsaya masa, don hannun ya je daidai wani gurbi a jikin bango inda ubansa ke ajiye dutsen wasa wuƙa, gurbin da shi kansa bai san yana tune da shi ba. Ranar da ya zo ɗaukar ƙofarsa, ƙaton nan da ke kayar da sa shi kaɗai ya juya baya yana share ido da hula, yana faɗan hayaƙin mai aceke ya yi yawa.

To, yanzu ga shi za a rufe rumfar. Tururin fenti ya ci wa Jabiru ƙirji, likita ya ce in yana son ganin auren jikokinsa ya rabu da gwangwani. Bayan Babbar Sallar bana, 1988, zai ajiye buroshi. Kafin a sauke kwanon rumfar ya kamata a faɗi inda ya samo wannan tambaya tasa ta hannu. Shi dai ba zai faɗa ba, in aka matsa masa sai ya ce, "Sa ba, ba komai, aikin Allah ne." Ƙanwarsa Murja ce ta ba da labarin, kuma mutanen gidan hayar da abin ya faru a gabansu suna nan da ransu.

Mahaifiyarsu, Iya Tabawa, 'yar wani ƙauye ce bayan Kazaure da ake kira Tudun Maɗaci. Ta biyo mijinta falken goro tana amarya, a kan za su ɗan juya su koma. Goro ya yi albarka, haihuwa ta zo, miji ya rasu aka binne shi a nan, komawa ta zama sai baɗi, baɗi ta zama baɗin baɗaɗa. Ta iya Julanci, ta iya daka sakwarar ayaba kamar 'yar ƙasa, ta aurar da 'ya'yanta. Ba a taɓa ganin hawayenta a kan garinsu ba. Sai dai in hadari ya taso ta kan tafkin lagun ya zuba, takan tsaya bakin ɗaki ta ce ruwan garin nan ba shi da ƙamshi.

A 1978 tsufa ya fara kwashe mata tunani. Da farko gishiri take mantawa a miya, sannan sunayen jikoki. Daga baya ta tsiro da wani abu: da an kira la'asar sai ta ƙulle 'yan tsummokinta a ɗankwali, ta ɗora a ka, ta nufi ƙofar waje.

"Iya, ina zuwa?" in ji Murja.

"Gida mana. Inna ta ce kada in kai magariba."

Innar nan kuwa ta rasu tun Murja ba ta zo duniya ba.

Wata rana Murja ta shiga wanka, kafin ta fito tsohuwa ta ɓace. Aka bazu nema. Jabiru ne ya same ta a gefen layin dogo kusa da tashar Treichville, ƙafa ba takalmi, tana tambayar wani ɗan sanda hanyar Kazaure da Hausa, shi kuwa bawan Allah yana riƙe da gefen zanenta yana ta ba ta haƙuri da Faransanci, don da kyar ya janye ta daga gaban jirgi. Jabiru ya goyo uwarsa har gida. Likita ya ce jikinta ba zai ɗauki tafiyar kwana da kwanaki a mota ba. Maƙwabta suka ba da shawarar a sa kwaɗo a ƙofar ɗakinta, Murja ta yarda, don ta gaji kuma tsoro ya cika ta. Jabiru ya ce uwar da ta goye shi ba za a kulle ta kamar akuya ba.

"To sai ka ɗauko mata Kazauren ka kawo nan," in ji Murja cikin fushi.

Sai ya ce, "Bon."

A lokacin ya riga ya fara yi wa fatake ƙofofi, amma na ganin ido ne, abin da aka kwatanta masa yake zanawa, su kuma su karɓa da godiya saboda kara. Ya zauna ya haɗa duk abin da ya taɓa ji daga bakin uwarsa tun yana yaro. Ya shafe allo da yashin lagun da fentin mota. Da yake ɗan Abidjan ne, a ganinsa gida ba ya gida sai da kore, sai ya cika gefe da ciyawa shar, ya dasa bishiyar kwakwa dama da hagu, ya ɗora rufi mai gangara don ruwa ya sami hanyar zuba. Ya buga ƙusa a bangon tsakar gida ya rataye, yadda ya ga ana rataye hotuna a ofisoshin Plateau.

Iya Tabawa ta fito da ƙunshinta a ka. Ta ɗaga kai ta duba, ta matsa ta sunsuna, ta ja da baya.

"Wane mara aikin yi ne ya rataye ƙofa kamar ludayi? Ta ina za a shiga, da tsani?"

"Iya, gidanku ne fa. Tudun Maɗaci."

"Kwakwa a Tudun Maɗaci? Kai Jabiru, karatun nasara dai bai bar maka komai a ka ba. Ga shi kuma tana warin gareji."

Ta gyara ƙunshi ta raɓa shi ta wuce. Matan gida suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Shi ma ya yi dariyar, don ko ba komai ranar ta kira shi da sunansa.

Akwai wani Alhaji Abdulra'uf, ɗan kasuwar Kano da ke shigo da kaya ta tashar jirgin ruwa, yana shirin leƙawa gida. Jabiru ya roƙe shi don Allah ya ratsa ta Tudun Maɗaci ya gano masa gidan kakansa da ido. Alhaji ya tafi ya daɗe. Bayan azumi sai ga shi a rumfa, ya zauna a kan gwangwanin fenti ya ƙi haɗa ido da mai rumfar.

"Jabiru, na je. Amma sai haƙuri. Garin ya tashi ya koma bakin titi. Gidan kakanka kufai ne, gero aka shuka a tsakar gidan. Tsamiya ce kaɗai a tsaye."

Tun yana yaro Jabiru yake ce wa ransa wata rana zai je ya tsaya a ƙofar nan ya yi sallama, a fito a tambaye shi ɗan wane ne, ya faɗa, a rungume shi. Ranar ya yi rashin gidan da bai taɓa gani ba, kuma abin ya yi masa ciwo kamar a cikinsa ya girma.

"Amma ban zo maka hannu rabbana ba," in ji Alhaji. Ya sa aka shigo da rabin buhun ƙasa da ya ɗebo daga rusasshen bangon, da guntun azara, da damin ɓawon ɗorawa. "Wani tsoho a can ya ce in ba makuba, ba bango. Ka san a kan iyaka 'yan duwan, wato kwastan, har ƙasa suka zazzage buhun nan suna neman zinariya? Da suka ga turɓaya ce zalla suka ce lalle Bahaushe ya haukace."

Jabiru da Murja suka ƙulla ba wanda zai gaya wa Iya zancen kufai. Sai dai Jabiru bai san yadda ake makuba ba, sunanta kawai yake ji. Ya zuba ɓawon yadda yake a bahon wanki ya tsiyaya ruwa, ya ajiye a tsakar gida. Aka kira la'asar, Iya ta fito za ta tafi, ta zo daidai bahon ta tsaya cak. Ta sauke ƙunshi.

"Wa ya jiƙa makuba bai daka ba? Kai, miƙo turmi."

Ta zauna tana ba da umarni, tana zagin ragwancin 'ya'yan zamani, har aka kira magariba ba ta tuna da tafiya ba. Daga nan ya gane ta inda zai bi. In ya ce mata yaya ƙofar take, sai ta rikice, ta haɗa ta Treichville da ta gidan mijin yayarta. Rannan ya kama hannunta ya tsayar da ita gaban bango, ya ce, "Iya, shiga gida mu gani." Sai ta sunkuyar da kai, ta ɗaga ƙafa sama sosai kamar mai tsallake dokin ƙofa, hannun hagu ya tafi jikin bango ya dafa. Ya ɗauki gawayi ya shata inda kai ya tsaya, inda ƙafa ta kai, inda tafin hannu ya sauka. Abin da kanta ya saki, jikinta yana riƙe da shi. Da wannan awon ya yi aikin, bai ƙara tambayarta kala ko kama ba.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Damina ce, kuma kowa ya san Abidjan, laka ba ta bushewa sai dai ta yi funfuna. Ginin farko ya saɓule daga jikin allo ya zube. Ya tattara ƙasar da tafin hannu, ya cuɗa ta da ƙaro da zaren buhu, ya riƙa ara garwashi wajen mai aceke yana gasa ta a hankali. Rabin buhu ba zai rufe ƙofar da mutum zai shiga ba, don haka ya yi mata rabon mai hankali: ƙasar Tudun Maɗaci ya sa inda hannu ke taɓawa da inda hanci ke kaiwa, sauran ya cike da jar ƙasar Adjamé. Guntun azara ya hau saman ƙofa. Zankaye ya naɗe su da gwangwanin madara ya yaɓe. Ya shafe komai da makubar da ita kanta ta sa aka daka. Duk wannan lokacin Murja ba ta runtsa da rana, tana gadin ƙofar waje, kwaɗon da ta riga ta sayo yana ajiye a taga, kullum kuma sai ta ce masa, "Yaya, in ta sake kaiwa layin dogo, kai za ka amsa."

Wata Juma'a aka kai Iya wuni wajen maƙwabta. Jabiru ya hayo gada da ƙofar gunduwa-gunduwa a bayan mota. Wannan karon bai nemi ƙusa ba. A ƙasa ya kafa ta, ya kewaye ƙofar ɗakin Iya da ita, yadda duk wanda ya sunkuya ya shige, a ɗakinta zai tsinci kansa. Mai gidan haya ya zo zai yi faɗa an ɓata masa bango, ya ƙare yana riƙe wa Jabiru katako.

Aka kira la'asar. Iya ta ƙulle ɗankwalinta, yau Murja ba ta hana ta ba. Ta riƙe mata hannu suka fito daga wajen maƙwabta, suka zaga ta bayan masallaci, suka shigo gida. Tsakar gida ta cika, Julawa, Baule, Mosawa, namu, ba mai tari. Tsohuwa ta tako har gaban ƙofar ta tsaya. Ta daɗe tana tsaye. Hannun hagunta ya tashi da kansa ya sauka a gurbin da aka bar masa. Ta kai fuska jikin bango ta ja numfashi. Sai ta tuɓe takalmi, ta sunkuyar da kai, ta ɗaga ƙafa, ta ce da wata murya siririya da 'ya'yanta ba su taɓa ji ba:

"Salamu alaikum. Inna, na dawo."

Daga ranar ba ta ƙara nufar ƙofar waje ba. Ta ga damina biyu bayan haka, a kan dakalinta take wuni tana tsintar wake, kuma ba a taɓa sa mata kwaɗo ba. Amma abin ya zo da farashinsa, kuma Jabiru ne ya biya. Iya ta koma gidan ubanta, ta koma budurwa, kuma a gidan nan ba ta haifi kowa ba tukuna. Murja ta zama wata yayarta. Shi kuwa, da yake kullum ta gan shi da laka a hannu yana gyaran tsagar bango, sai ya zama magini. Ba ta sake kiran sunansa ba har ta koma ga Allah.

Malam Jabiru, kai ne ka mayar da uwarka gida kana sane ba ɗakinka a cikinsa. Kai ne ka ɗauki tambayar da jikinta ya koya maka ka raba wa Kanawa da Katsinawa da Damagarawa da Gobirawan birnin nan, kowa ya rungumi ƙofarsa ya tafi, kai ba ka gina taka ba, don ba ka san inda hannunka zai sauka ba. Ba a taɓa rataye aikinka a wani babban zaure ba, ba a buga sunanka a jarida ba, yana nan dai a ɗakunan haya daga Adjamé zuwa Treichville, wajen mutanen da in kewa ta tashi suke dafa shi su yi shiru. Magajin tsummoki, mai tayar da kufai, mun gode. Ku kuma 'ya'yanmu da aka haifa a nan, masu amsa mana Hausa da Faransanci, ba sai kun iya kwaɓa laka ba. Ku dai zauna kusa da tsofaffinku tun suna gane ku, ku ce su shiga gida ku gani.

Murja ta ce a makon Iya na ƙarshe, wata safiya Jabiru yana durƙushe yana shafa wa bangon sabuwar makuba, tsohuwa na kan dakali tana kallonsa. Ta daɗe tana kallo, har ya ɗago kai yana tsammanin yau za ta kira shi.

"Magini," ta ce, "kana da kirki. Uwarka na da rai?"

"Tana nan, Iya."

"Kana zuwa gaishe ta?"

"Kullum."

"Madalla. Kada ka yi nisa da ita, nisa ba shi da daɗi." Ta ɗaga hannuwanta biyu. "Allah ya yi maka albarka. Ita ma da ta haife ka, Allah ya sanyaya mata."

Bai iya cewa amin ba, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da shafa bango. To, Malam Jabiru, shekarun nan duka wannan addu'a tana jiran amsa. Yau mun amsa maka: amin.